Bajon Baba Saje

Wata Juma'a ce a kakar shekarar da na shiga aji uku, an gama yankan gero a Yasore, dammuna jingine jikin rumbu, kakana Baba Saje ya kira ni gindin darbejiya ya buɗe wani gwangwanin shayi. Ciki akwai bajon hularsa ta soja, na tagulla, da hoton bishiya mai kama da dabino, ƙarƙashinta kuma wani ɗan rubutun boko. Idanunsa sun fara mutuwa a lokacin. Ya ce, "Ke 'yar nan, soja ba ya barin bajonsa ya dushe. Daga yau aikinki ne."

Ni kuwa sarkin rawar kai, na ɗauki abin da zafi. Yadda Inna ta koya mini wankin tukunya da toka da yashi, haka na riƙa yi wa bajon nan. Kowace Juma'a, in na gama surfe na kai awaki bakin rafi, sai in zauna in dirje shi, ƙawayena na can dandali suna gaɗa suna yi mini dariya wai na auri ƙarfe. In na miƙa masa sai ya shafa da babban yatsa ya ce, "Madalla, ya yi sumul." Shekara biyar muna haka. Ban taɓa tambayarsa me rubutun ya ce ba, shi ma bai taɓa faɗin inda aka kai shi ba. In an yi zancen yaƙi sai ya ɗauki butarsa ya fita.

Da 'yan bindiga suka matsa mana muka baro gari, gwangwanin nan na fara jefawa cikin zani. Bara ɗana ya kai ni wurin wani dattijo a Katsina mai tara tsofaffin alamun soja, ko zai gaya mana rundunar da Baba ya yi wa aiki. Ya daɗe yana juya bajon a ƙarƙashin gilashi, sannan ya ɗago.

"Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Bishiyar nan rundunoni da dama sun sa ta. Rubutun ƙasa ne ke raba su, shi kuwa an cinye shi. Wa ke goge shi haka?"

Na karɓi bajon na mayar cikin gwangwaninsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma bai gama daidaita ba.

Da, ina da Baba a gindin darbejiya, tambaya ɗaya ta isa. Yanzu sa'o'insa duk sun rasu, kabarinsa ma hanya ba ta bari mu ziyarta. Bajon na nan yana ƙyalli kamar sabon faranti, babu ko harafi ɗaya a jikinsa. Da hannuna na share shi, shi kuma yana sa mini albarka.