Tsanin Sajo da Lissafin Takarda

Da asuba in na fito daga masallaci, nakan tarar Sajo ya jingina tsani da katangar shagonmu a Gagarawa, tef ɗin awo a hannu, littafin tambayoyin jarrabawar shekarun baya a buɗe kan benci. Tambaya ta ce tsani mai mita huɗu ya jingina da bango, kusurwarsa da ƙasa digiri sittin, a nemo nisan ƙafarsa da bangon. Sajo sai ya yanka kwali daidai kusurwar, ya saita tsanin gaske, ya auna. Mita biyu. Ya duba amsa a bayan littafi, biyu ce.

Shekara goma sha huɗu muna rufin kwano tare. Ban taɓa ganin ya ɓata katako ba. Sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma yana kiransa aikin wucin gadi, kuma da gurbin dindindin ya fito aka ce sai mai kiredit a lissafi. Sau biyu ya zauna jarrabawar 'yan waje yana faɗuwa. Aka yi masa alfarmar shekara ɗaya ya kawo kiredit ɗin.

Ran Asabar yakan hau mota zuwa Gumel wurin Malama Kande, tsohuwar malamar lissafi da muka taɓa rufa wa gida. Na raka shi sau ɗaya. Aljabra ma haka yake yi mata: ya sa lamba a gurbin x, in ba ta zauna ba ya cire ya gwada wata, kamar mai saita ƙofa. Malama ta ce amsoshinsa daidai ne, amma mai duba takarda layi-layi yake ba da maki, sai ya ga inda aka sa kosayin, wato ƙa'idar lissafin kusurwa, da yadda aka bi aka iso.

"Malama, ɗakinki ya taɓa yoyo?"

"Bai taɓa ba, Sajo. Sai dai mai makin ba a ɗakina yake kwana ba."

Ya yi ƙoƙari, ni shaida ne. Yakan haddace matakan yau, gobe a kan rufi su zube. A ɗakin jarrabawa babu tsani. Ya ce da lokaci ya ƙure sai ya koma zana hoton yana aunawa da rula, yana rubuta amsa tsirararta.

Sakamako ya fito, fas ya samu, babu kiredit. Gurbin aka ba wani mai takarda, shi ne yanzu yake kiran Sajo in rufi ya gagara.

Mun rabu a wani aiki a Sule Tankarkar, kafin in koma dako a Maigatari. Ƙasa ba daidai take ba, tsani yana rawa. Ya ciro littafin daga jakar kayan aiki, ya naɗe shi biyu, ya cusa ƙarƙashin ƙafar tsanin, ya girgiza ya ji ya zauna, ya hau.