Aljanin da Ba Ya Son Salla

Ni ba mahaukaciya ba ce, amma a gidan mijina na Aliero sai da aka raba ni da ɗiyata kafin wani ya yarda.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Duk wata, in al'adata ta kusa, sai duniya ta yi mini baƙi ƙirin. Nonuwana su kumbura su yi tsami, kai ya riƙa sarawa, warin albasar da mijina ke jibgewa a rumfa ya hau mini kai. Ko tari mutum ya yi sai in ji kamar in shaƙe shi. In zauna gaban murhu in yi ta kuka, ba wanda ya mutu. Ranar da jini ya zo kuwa, sai in tashi garau kamar an sauke mini dami.

Uwar mijina ce ta fara lura. Wallahi idonta ya gani daidai, fassarar ce ta kashe ni. Ta ce wa ɗanta, "Kai ba ka gani? In tana salla, bala'i. Ran da ta aje salla, lahiya lau. Aljaninta kahiri ne, salla ce ba ya so."

Shi ke nan, aka ɗauko malami daga Sarandosa. Na sha rubutu har ya gundure ni, aka turara ni da hayaƙi ina tari kamar raina zai fita. Da jini ya zo na warware, aka ce malam ya iya aiki. Wata na zagayowa aka ce aljani ya dawo da danginsa.

An yaye ɗiyata ke nan. Wata rana aka gan ni bakin rijiya goye da ita, ina kuka. Ruwa na je ɗiba, Allah shaida ne. Washegari yayar mijina ta zo daga Maiyama ta kwance ta daga bayana. "Riƙo ne kawai," in ji ta, "har ki samu sauƙi." Ɗiyar fari ce, wadda a wurinmu uwa ko sunanta ba ta kira. Kunya ta ɗaure mini baki, ina ji ina gani aka fita da ita.

Ciwon nonon ne ya kai ni asibiti a Jega, bayan damina ta zagayo ba sau ɗaya ba. Wata dattijuwar nas ta yi ta tambayata yaushe abin ke zuwa, yaushe yake tafiya. Ta ce, "Ƙanwata, wane irin aljani ne ke bin al'ada? Ciwo ne, kuma ba ke kaɗai ba ce." Na fashe da kuka har ta rufe ƙofa.

Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in rage gishiri, in bar goro, in samu barci, in riƙa motsa jiki. Da nono ya fara tsami sai in ce wa mijina, "Malam, kwanakin sun zo." Ya bar ni in bi shi fadama in taya shi cirar albasa har in gaji tilis. Ban warke ba, ƙarya babu kyau. Amma na san abin zai wuce, kuma na daina jin tsoron sallata.

Da ƙyar uwar mijina ta yarda in je Maiyama. Na sayi alewa da ɗan kallabi. Na tarar ɗiyata ta yi wayo, tana wanke allonta a tsakar gida. Na durƙusa na miƙa mata hannu. Ta dube ni, ta ruga ta ɓuya bayan yayar mijina, ta riƙe mata zane gam.

"Inna," ta ce mata, "wagga ce mai aljanun?"

Na ajiye alewar da kallabin a kan turmi, na nufi tasha.