Jar Akuyar Da Na Ba Da Habbanaye

Ni ba mai saurin rabuwa da dabba ba ce, kowa a unguwarmu ya sani. Shi ya sa ranar da madam mai kula da yara marasa galihu ta aje moto ƙofar gidana ta ce in ba da jar akuyata habbanaye, sai da na yi dariya.

"Wa za ni ba?"

"Marainiyar nan ta bayan gidanki, Inna."

Na san yarinyar. Uwarta ta rasu, uban ya tafi Aljeriya, shiru kake ji. Kakarta ke riƙon ta, tsohuwar da hura ma sai an miƙa mata ta katanga. Dangin uban a Birnin Lalle suka ce a kai musu ita, tunda ba abin ba ta. Madam ta ce in aka raba yarinyar nan da kakarta an gama da ita, amma in akwai akuya da nono a gidan, ba mai hujjar ɗaukar ta.

Habbanaye aro ne irin na Fulani: ka ba mutum uwa ta haifa mishi, in an yaye ka ɗauki abarka, ƴaƴan nashi ne. Na ba da dai, ina mita.

Kai, yarinyar nan ta riƙi akuya! Kafin ta tafi lakwal, wato makarantar boko, ta zuba mata harawa, in ta taso ta tsinto mata ƴaƴan gawo. Akuya ta yi tagwaye. Madam na leƙowa duk ranar kasuwa, har zancen Birnin Lalle ya mutu.

Da lokacin yaye ya yi na shiga karɓar abata. Madam na nan, ta riga ta lallashi yarinyar cewa alkawari kaya ne. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba. Ita ta kwance igiyar daga turke ta miƙo mini. Tagwayen suka biyo mu har zaure suna ta kuka, ta tare su ta rungume. Sai na ji tana ce musu a hankali, "Ku yi haƙuri. Kwanan farko ne da wuya, za ku saba."

Wallahi tausayi ya kama ni. Na juya na maida akuyar turke, na ɗaure da hannuna.

"Inna, ai al'adar..." in ji madam.

"Akuyarki ce ko tawa?"

Sai ta shiga share ido da bakin mayafi.