Fatar Ciki a Tafin Hannu

Igiyar ƙarfe ta jan mota ce ta kwashe mini fatar tafin hannun dama da ta yatsu uku, a bayan unguwar Mesaimeer, can ƙasar Larabawa, inda motar kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ta kafe a yashi. Ban ji zafi ba a lokacin. Na dai tsaya ina kallon hannun kamar na wani ne aka ba ni riƙo.

A asibiti likitan, wani Bamisire mai yawan hamma, ya ce jijiyoyi sun fito fili, siririyar fatar cinya ba za ta kama ba. Sai ya yanki fatar ƙasan cibiyata, ya ɗaga ta, ya ɗinke hannun a ciki. Sati uku na yi hannu manne da ciki kamar mai ciwon mara. Hagun da nake tsarki da shi, da shi na koma cin abinci. Masu zuwa dubiya su miƙo hannu, su tuna, su mayar da shi ƙirji.

Da aka raba su, tafin ya fito baƙi, mai kauri, sai ka ce facin taya. Likita ya ce khalas, wato an gama, ji zai iya dawowa kaɗan, zai iya ƙin dawowa. Bayan wata biyu gashi ya fara tsirowa, don fatar ba ta san ta bar gida ba. Duk Juma'a sai na aske.

Mu shida ne a ɗakinmu na unguwar Al Rayyan, direbobi da masu gadi, kuma a tire ɗaya muke ci. Wanda aka zuba wa nasa daban, to baƙo ne ko majinyaci, ni kuwa na gaji da zama majinyaci. Ban damu da komawa tuƙi ba kamar yadda na damu da komawa tiren nan. Sai dai kowa ya san inda aka ɗebo fatar. Wani Bakano har tsokanata yake, wai ni kaɗai ne mai kai wa wanzami hannu.

Wata Juma'a babbanmu, dattijo ɗan Zangon Kumasi da ke gadi a unguwar Al Gharrafa, ya tuƙa tuwo da miyar kuka. Na wanke hannu sau biyu a gabansu, na yi bisimilla, na tsoma. Su suna hura yatsu, ni ina ta yankar loma. Na lura ba wanda ya kusanci gefena, har tuwon ya yi tudu a gabana. Ko haushi ban ji ba.

Can sai dattijon ya kama wuyan hannuna ya juya. Yatsu biyu sun tashi, sun ɗuri ruwa.

"Malam, ka ƙone fa," in ji shi.

Na ce ban sani ba. Ya tashi ya ɗauko cokali, ya ɗauraye, ya miƙo mini.

"Saboda zafin ne," ya ce.

Ba wanda ya ɗago kai. Na karɓa, na ci gaba da ci, hira ta koma kan wanda zai tafi hutu gida.

Shekara huɗu na ƙara a ɗakin, ban taɓa tambayar dalilin cokalin ba. Ko ranar da muka dawo muka tarar da shinkafa ta huce tun safe, cokalin yana ajiye a gefena.