Ruwan da Ke Ƙarƙashin Yashi

Ba don kyan wuri kakanninmu suka zauna a ƙauyenmu ba. Kwari ne a ƙasar Kabo, ba nisa da Gammo. Da damina ga sauro, hanya kuma laka har gwiwa. Rafi ne ya zaunar da su. Shi ma rafin, in ka zo da rani sai ka raina shi, don ko ɗigon ruwa ba za ka gani ba, sai yashi fari fat daga wannan gaɓa zuwa waccan. Amma ruwan yana nan a ƙarƙashi. Ka durƙusa ka tona da hannu, kafin ka kai gwiwar hannu ka ji sanyi, ka ƙara kaɗan ka ga ruwa yana tsattsafowa. Yashin nan shi ne randar garin. Damina ta cika ta, mu yi ta sha har wata daminar.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Ina firamare Baba ya cire ni ya miƙa mini guga. Saboda haka kada wani ya nemi bayanin masana a wurina. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Lambun Baba a bakin gaɓa yake. Mu haƙa rami a cikin yashi, mu kafa jigo a kansa, mu wuni muna janyo ruwa muna kora shi cikin fangali. Albasa, tumatir, alayyafo, ɗan tattasai. Mutanen tudu da zarar sun kai amfanin gona gida sai su ɗaure kaya su tafi cin rani. Mu ba ma zuwa ko'ina, mu ake zuwa wa. Da yamma 'yar kasuwa take ci a ƙarƙashin mangwaron Baba. Na tudu su zo da dawa da gyaɗa, har daga wajen Madadi, su koma da kayan miya. Fulani su shayar da shanu, matansu su sayar da nono, shanun su bar mana taki. Babu wanda ya kafa kasuwar nan. Ruwa ne ya kira ta.

Muna da wata al'ada da muke taƙama da ita. A garinmu ba a hana mutum ruwa, ba a hana shi hanyar rafi, ba a hana shi yashi. Duk mai son yin daɓe ko gyaran ɗaki, ko daga ina yake, ya zo da jakinsa ya cika mangala ya yi gaba. Na sha ganin Baba ya ajiye guga ya kama wa baƙo ɗora kaya, bai ma san sunansa ba. Ramin da aka bari kuwa, ruwan farko ya shafe shi.

Da Baba ya rasu, lambun ya zama nawa ni da ƙanena. Ba mu raba ba, tare muka ci gaba. Ana nan sai ga tifa. Gine-gine sun yi yawa a birni da garuruwan bakin titi, kowa bulo yake so, bulo kuma sai da yashi. Duk tsawon rafin babu inda gaɓa ta kwanta yadda mota za ta iya gangarawa sai ta gefen lambunmu. Direban ya yi sallama, ya gaishe mu da ladabi, ya nemi hanya. Ƙanena ya ba shi. Ni ma ranar ban hana ba, don na zaci sau ɗaya ne.

Kafin rani ya ƙare, samarin garin duk sun sayi shebur, har da ƙanena. Ba na zarginsa da lalaci. Lodin tifa ya fi jan jigo wahala, sai dai shi a ranar ake sallamar mutum, albasa kuwa sai ka jira ta wata da watanni.

Ni da nake kan guga ni na fara gani. Ramin da a da ruwa ke tsayawa a kusa, sai da na shiga ciki har ƙirji. Na ƙara wa jigo igiya. Wata shekarar na sake ƙarawa. Na sayar da tumaki na sayi injin ban ruwa, shi kuma ya riƙa zuƙo laka yana tari kamar tsoho.

Na je wajen mai unguwa. Ya tara dattawa a ƙofar zaurensa bayan la'asar, liman yana nan, ƙanena ma yana nan a raɓe da bango.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwanmu ake kwashewa."

Wani dattijo ya ce shi dai tifa yake gani tana fita, bai ga tankar ruwa ba tukuna. Aka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba. Ya dube ni ya tambaye ni ko na taɓa ganin mahaifina ya hana wani yashi. Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, "To kai za ka fara?"

Na ce, "Baba jaki ya sani. Bai taɓa ganin jakin da ke ɗaukar rafi guda a bayansa ba."

Liman ya ce abin da Allah ya shimfiɗa don bayinsa ba a yi masa shinge, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Ƙanena ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ai duk damina rafin nan sabo yake kawowa." Wannan maganar ita kowa ya riƙe, don ita muka tashi muna gani. Ana raɗe-raɗin akwai masu samun ɗan wani abu a kan kowace mota. Ni ban gani ba, ba zan ce ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin mutanen da ke zaune a wurin da zuciya ɗaya suka ƙi ni. Kunya suke ji a ce garinsu ne ya fara rowar ƙasa.

Washegari na sari ƙaya na toshe hanyar. Aka sa mini suna mai rowar yashi. Maiɗakina ta je gidan suna aka tambaye ta ko ita ma da awo nake ba ta ruwan wanka. Ta dawo ta ƙi cin abinci. Ƙanena bai yi mini gardama ba, ya zo da sassafe ya janye ƙayar, don shi ma gadonsa ne. Tun daga ranar ba mu sake sa hannu a kwano ɗaya ba.

Sai wata damina mai ƙarfi ta zo. A da in ruwa ya taho, yashi ne ke rage masa gudu, ya shanye rabonsa. Wannan karon ya tarar da rafin a kwarkwashe har kan yumɓu. Ya zo a guje, ya riƙa cin gaɓa ta ƙasa. Ina tsaye da rana tsaka mangwaron Baba ya karkata a hankali, ya tafi da saiwarsa da wani yanki na lambun. Da rani ya shigo na haƙa rami har na ci karo da marmara. A bushe take. Irin albasar da na dasa ya yi ja ya kwanta a cikin fangali ina kallo.

Tifofin ba su yi mana ko sallama ba. Da yashin wajenmu ya ƙare suka ƙara gaba, can sama da mu, inda ake da irin kunyarmu. Fulani suka sauya mashaya. Na tudu suka daina zuwa, don me za su zo saya? Gida-gida aka riƙa kwance rufi ana komawa bakin titi. Ƙanena ya bi motocin, yanzu ban ma san rafin da yake lodi ba.

Na yi taurin kai na wasu shekaru. Abin da ya karya ni shi ne ganin maiɗakina da tulu a ka tana tafiya mai nisa neman ruwa, mu da aka haifa a bakin rafi. Na sayar da 'yar gonar da nake da ita a tudu, na sami ɗan fili a gefen Gwarzo. Yanzu tebur nake kafawa a bakin titi ina sayar da albasar wasu, wadda ake saukewa daga mota. Masu saye su ce ta yi tsada, in ce su je su noma.

Da zan gina ɗaki, magini ya ce in kawo yashi. Na saya, ni da ubana ke ɗora wa baƙo kyauta. Da tifar ta juye, na tambayi direban inda ya ɗebo. Ya faɗi sunan rafinmu, ya ce babu kamarsa wajen kama siminti, sai dai ya kusa ƙarewa.

Na durƙusa na cusa hannu a cikin tarin har gwiwar hannu. Da sanyinsa, da damshinsa. Na daɗe a haka.

Magini ya ce, "Malam, wani abu ka yar a ciki?"

Na ce masa ba komai, ya kwaɓa simintinsa. A ɗakin nake kwana har yau, kuma ruwan da muke sha a jarka muke saye.