Katin Mai Lagireto

Shekara ashirin da biyu rumfata tana jingine da tasa. Ni ina facin taya, shi yana gyaran lagireto, tukunyar ruwan nan da ke sanyaya injin mota. Kowa Mai Lagireto yake ce masa, ni kuwa Dogo nake kiransa, don gajere ne ƙwarai. Shi kuma ya rama da Sarkin Iska.

Aikinsa hanya ɗaya gare shi. In ya liƙe bututu da wuta, sai ya toshe bakin, ya tsoma shi cikin baho, ya hura iska. Muddin ruwa bai yi kumfa ba, sai ya miƙa wa mai mota ya ce, "Je ka, kada in sake ganinka." Kuma ba a dawo masa da aiki. A wurinsa, abin da aka duba sau biyu, mai shi ne bai iya ba.

Hawan jini ya sa shi gaba. Ƙwaya huɗu yake sha kullum, amma in an auna sai ma'aikaciyar jinya ta sake ɗaura masa abin awon, tana zaton ya lalace. Daga ƙarshe likita ya kawo maganar aiki. Ni na raka shi, da kunnena na ji. Za a zura siririyar waya ta cinya, ta bi hanyar jini har bakin ƙoda, a ƙona wasu ƙananan jijiyoyi da ke kewaye da hanyar, waɗanda ke tunzura jinin.

Dogo ya ce, "Likita, wato walda za ku yi mini ta ciki?"

"Kusan haka ne."

"To bututun fa? Na san abin da wuta ke yi wa bututu."

Likita ya ce yawanci lafiya lau ake rabuwa. Amma akwai 'yan kaɗan da hanyar jinin takan tsuke musu daga baya, a hankali, ba ciwo ba alama. Saboda haka ya ci gaba da shan magani, kuma bayan wata shida ya dawo a ɗauki hoto. Ya rubuta ranar a kan wani koren kati.

Aka yi aiki, jini ya sauka. Dogo ya dawo rumfa yana waƙa da muryar nan tasa mai korar kaji. Na yi murna har na ɓoye fuska a bayan taya.

Da wata shida ya cika na ce, "Dogo, ina katin nan?"

"Ya ɓata."

"Mu je haka nan, sunanka yana wurinsu."

"Sarkin Iska, ai an gwada ni. Ranar da suka gama sun ɗauki hoto, jini yana wucewa sumul. Ba kumfa. Ka taɓa ganin na tsoma lagireto sau biyu?"

"Kai ba lagireto ba ne."

"Shi ya sa na fi shi ƙarko. Miƙo mini filaya."

Na miƙa masa. Abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Amsar tana nan, mai sauƙi: ƙarfe in ya huce ya gama magana, nama kuwa yana ci gaba da yin tabo bayan an ɗauke wuta. Da na faɗa masa haka da ya gane, don harshensa ne. Amma ba ta zo mini ba sai da muka dawo daga binne shi.

Matarsa ta yi magana, ya ce mata ta haɗa baki da ni. Ciwon kai irin na hawan jini ya dawo, ya ce hayaƙin walda ne. Na yi fushi na daina ci tare da shi kwana uku, ya aiko mini da rabin abincinsa, na sauko. Ban iya dogon fushi da shi ba.

A wata na goma sha ɗaya, da hantsi, na ji ƙarar baho ya kife. Na tarar da shi a ƙasa cikin ruwa, bakinsa ya karkace. A asibiti suka ɗauki hoton da ya ƙi zuwa. Hanyar jinin ƙodar hagu ta tsuke kamar tsinken tsintsiya, shi ya sake tayar da hawan jinin. Likita ya ce da an gani da wuri, da akwai yadda za a buɗe ta. Bai ɗaga murya ba, amma na ga yadda ya ajiye biro. Kwana huɗu Dogo ya yi. Allah ya jiƙansa.

Makon jiya ni da matarsa muka kwashe kayan rumfar. Na ɗaga bencin da muke zama kullum da rana, sai wani abu ya bayyana a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar bencin. Koren katin ne, an ninke shi huɗu, daidai yadda benci ba zai yi rawa ba. Wata biyar ina tambayarsa ina yake, ashe a kansa nake zaune.

Matar Dogo ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce takarda ce kawai. Na sa a aljihu.