Kaso na Uku na Irin Baba

A farkon damanar 1984, wata safiya kafin in tafi lakwal, wato makaranta, Baba ya hau rumbu ya sauko da damin iri. Ina 'yar firamare a lokacin, a wani ƙaramin ƙauye kusa da Urafane. Rumbun ya daɗe da zama fanko, wannan damin kaɗai ya rage. Gero ne, irin da ake kira zango, mai dogon kai, wanda Baba ya gada wurin mahaifinsa. Kowace kaka, kafin a fara yanka, shi da kansa yake zagaya gona yana zaɓen kawunan da suka fi cika. A gidanmu iri ba ya kusantar turmi. A tabarma Baba ya murje shi da tafin hannu, ni da ƙanena Iliya, wanda ba a daɗe da yaye shi ba, muna korar kaji. Ya raba shi kaso uku, ya ɗure na ukun a gora ya toshe da tsumma. Iliya ya kai hannu, Baba ya riƙe masa yatsu yana dariya: "A'a, maigida, wannan na baɗi ne."

Kaso na farko binne muka yi da shi, wato shuka a busasshiyar ƙasa don ruwan fari ya tarar da iri a rami. Baba na gaba da sungumi, mu muna biye, mu zuba, mu rufe da diddige, yashi na ƙona mana ƙafa har muna tsalle kamar masu wasan langa. Nan malamin gona ya same mu, wani saurayi mai kunya da aka turo daga Tasawa, wanda kowa ke kira Mushe, wato "monsieur" na Faransanci a bakinmu. Ya jingine babur ɗinsa ya ce, "Baba, ku dakata hakanan. Gwamnati za ta aiko da iri mai saurin nuna." Baba ya ce, "Yaushe, Mushe?" Ya ce mota na hanya. Zamanin soja ne, ba a yi wa ma'aikaci tambaya ta biyu. Baba ya yi godiya, ya ci gaba da sara.

Yayyafi aka yi, wanda ya isa ya tada iri amma bai isa ya raya shi ba. Hatsi ya leƙo kore shar, ya ƙone a idonmu. Kaso na biyu ya shiga ƙasa bayan wani ruwa mai ɗan dama, sai iska ta taso ta binne tsiron da yashi, ɓeraye suka tone saura. Mu 'yan majami'a, da ba mu cika rumfa guda ba, muna roƙon ruwa ran Lahadi. Maƙwabtanmu Musulmi suna fita bayan gari su yi nasu. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya watse. Muka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwa. Manya suna haɗiyewa. Cikin Iliya ya ƙi karɓa, sai zawo. Ya daina bin kaji, ya daina kuka ma, sai ido.

Wata rana da hantsi ina tsame anza na ji Inna ta ce, "Maigida, yaron nan kunu yake so." Ba ta ambaci gora ba. Baba ya tashi ya ɗauki hauya ya nufi gonar da babu abin nomewa a cikinta, amma kafin ya fita ya sauko da goran daga inda yake rataye, ya ajiye a bakin ɗaki. Ni na riƙe wa Inna turmi. Tana daka tana waƙar sujada a hankali, hawaye na sauka. Iliya ya sha kunun nan kwanaki, har ya zauna da kansa, har muka fara murna. Sai zawo ya dawo. Ranar da maza suka dawo daga kai shi makabarta, Baba ya tsaya a ƙofa ya ce wa Inna, "Ya dai sha?" Ta ce, "Ya sha." Ya ce, "To, mun gode Allah."

Motar iri ta iso lokacin da damana ta riga ta juya baya. An cuɗe shi da jan magani, ba ya shukuwa a wannan lokaci, ba ya kuma ciwuwa. Mushe ya bi gida gida yana roƙon mata kada su wanke su dafa. A gidanmu ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya kasa haɗa ido da kowa. Ban taɓa jin haushinsa ba. Shi ma jira aka sa shi.

Yau ina aure a Mayahi, a kasuwa nake awon hatsi, kuma malaman gona har a rediyo suke faɗin ranar da ya kamata a yi shuka. Duk da haka kowace damana mata na zuwa ƙofata neman abin da za su zuba a rami. Baba ya yi noma shekaru bayan haka da irin aro, bai sake zagaya gona yana zaɓen kai ba har ya koma ga Ubangiji. Na yi cigiyar zangonmu a ƙauyuka, ba wanda ya rage da shi. Mun rasa yaron, mun rasa irin, kuma ko yau aka sake tambayata, zan riƙe wa Inna turmin.